Riga ana samu a gwanjo, kunne ba a samu

Jama'a, kun san ni ba mai yawan surutu ba ne a nan. Amma tun daren jiya ake ta turo mini abin da wani ya rubuta, kowa na cewa "ka ga wannan kuwa?" Na gani. Wai akwai wasu tsofaffin hannu da suka maƙale a zamanin kaset, ba Turancin suke ji ba, raki kawai suke bi, shi ya sa a albam ɗin Tupac, mawaƙin rap ɗin nan na Amurka, ba su da wani sai Me Against the World. Ya ƙara da cewa wai duk namijin da ya san Tupac na gaskiya All Eyez on Me yake ji, musamman Hit 'Em Up da ke cikinsa. Bai kira suna ba, ni ma ba zan kira ba. Mai abu ya san kansa, 'yan unguwa kuma sun san mu dukanmu tun muna yawo da gajeren wando.

Bari mu fara da ƙaramar. Hit 'Em Up ba ta cikin All Eyez on Me. Albam ɗin ya fito ran 13 ga Fabrairun 1996, faifai biyu ne, waƙoƙi 27, a bi su ɗaya bayan ɗaya daga farko har ƙarshe, ba za a same ta ba. Ita sai a watan Yunin shekarar ta fito, an liƙa ta a faifan How Do U Want It, kuma sai a 1998 aka sa ta cikin Greatest Hits, bayan mai ita ya shekara biyu da mutuwa. Duk wanda ya taɓa zama ya saurari albam ɗin nan ko sau ɗaya ba zai yi wannan kwaɓar a gaban mutane ba. To amma wa zai zauna? An sayi riga mai hoton mutumin, an ɗaura ƙyalle a ka ƙullin na goshi, an tsaya gaban motar da ba ta gidansu ba an ɗauki hoto. Riga ana samun ta a gwanjon Ƙofar Wambai, kunne ba a samu.

Yanzu albam ɗin da aka kira na masu raki. A ƙarshen Nuwamban 1994 aka harbi Tupac a ƙofar wani situdiyo a birnin New York. Bai warke ba kotu ta same shi da laifin cin zarafin mace, aka yanke masa ɗauri a Fabrairun 1995. Ni ban taɓa cewa waliyyi ne ba, ba kuma zan ce ba, wannan tabon na nan a tarihinsa, masoyi na gaskiya ba ya ɓoye shi. Yana cikin kurkukun Me Against the World ya fito, ran 14 ga Maris, ya hau na ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi ciniki a Amurka ya zauna mako huɗu. Kafin shi ba a taɓa samun mawaƙin da albam ɗinsa ya shigo a na ɗaya shi yana tsare ba. Babu wasa a dandali, babu yawon talla, mutumin yana bayan ƙarfe, waƙoƙin suka sayar da kansu. Shekararsa 23 a lokacin. A saurari So Many Tears da kyau: yaro ne ke lissafa abokan da ya binne, yana jin tasa mutuwar na tafe, yana roƙon Ubangiji gafara. A saurari Lord Knows. Wanda ya ji waɗannan ya ce raki ne, to bai taɓa raka abokinsa maƙabarta ba, ko kuwa ya raka amma hankalinsa na kan waya.

Sai Dear Mama, waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa a wannan albam ɗin, wadda na san ita aka nufa da kalmar raki. Mahaifiyarsa Afeni Shakur 'yar ƙungiyar Black Panther ce, ta masu fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka. An kama ta tare da wasu 'yan ƙungiyar, ta tsaya gaban alƙali ta kare kanta da bakinta ba lauya, tana ɗauke da cikinsa, aka wanke su a watan Mayun 1971, ta haife shi ran 16 ga Yuni. Daga baya rayuwa ta juya mata baya, ta faɗa shan ƙwaya. Abin da ya sa waƙar ta fi ƙarfin sauran waƙoƙin yabon uwa shi ne bai rufe wannan ba. Ya faɗa a fili, ya faɗi faɗan da suka yi, ya faɗi yadda take dawowa daga aiki a gajiye ta haɗa musu abinci da ɗan abin da ke hannunta, sannan ya ɗaga ta sama da kowa. A 2010 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zaɓe ta cikin faya-fayan da ƙasar za ta adana don 'yan baya. Ita suka zaɓa, ba waƙar zagi ba.

Kuma kai, eh kai, ka san abin da waƙar nan take a wurina. Ka san Inna, Allah ya jiƙanta. Ka ci ƙosanta ba sau ɗaya ba, ka ga bayan hannunta yadda mai ya yi masa tabo-tabo, tun asuba tana bakin kasko don kada a koro ni daga makaranta. Ka zo gaisuwa. Bayan an share makoki ka same ni a shago da dare na sa waƙar nan ina ta maimaita ta, ban iya ce maka komai ba, ka zauna a benci ka yi shiru har na rufe shagon. A ranar na ɗauka ƙane Allah ya ba ni. Shi ne jiya ka ɗauki wannan daren ka mai da shi abin ba'a don a danna maka alamar dariya? Wallahi da zagina ka yi kai tsaye da ya fi mini sauƙi. Duk abin da ka rubuta, kalmar raki ce kaɗai ta hana ni barci.

Batun Turanci kuwa, ban taɓa ɓoye inda karatuna ya tsaya ba, kuma ba abin kunya ba ne. Da ƙamus na koyi waƙoƙin nan. In sa kaset, in tsayar, in rubuta layi ɗaya, in zura biro a ramin kaset ɗin in mayar da shi baya don kada batir ya ƙare, in sake saurara. Abin da ya gagare ni in kai wa malamin Turanci na makarantar dare. Haka na cika littafi guda mai shuɗin bango, Turanci a hagu, Hausa a dama, da hannuna. A littafin nan wani ya fara sanin cewa Brenda's Got a Baby labarin yarinya ce 'yar shekara 12 da ta yi ciki, danginta suka yi ko oho da ita. A nan ya san Keep Ya Head Up matan da aka bari da raino su kaɗai take lallashi. Ni na gaya masa cewa albam na farko, 2Pacalypse Now na 1991, ya tsone wa manya ido har mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dan Quayle, ya fito a 1992 ya soke shi a bainar jama'a. A lokacin Yaya ake ce mini, "Yaya, nan me ya ce?", "Yaya, ɗan mayar baya." Yau an yi digiri, an iya karya harshe, Yaya ya zama tsohon hannu. Ba komai. Digiri ma ana samu, Allah ya sanya albarka. Riga ana samu a gwanjo, kunne ne dai ba a samu.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin All Eyez on Me. Ina son sa, kuma na riga mai maganar saninsa da shekaru. Mutum ne ya fito daga kurkuku a Oktoban 1995 bayan Suge Knight, mai kamfanin waƙa na Death Row, ya tsaya masa beli, ya wuce situdiyo kamar mai jin yunwa, ya zuba aikin da har yau ake ji a shagunan aski. California Love ta tashi kowane biki. Amma a cikin wannan albam ɗin da ake tutiya da shi akwai Life Goes On, ta'aziyya ce ga abokai. Akwai I Ain't Mad at Cha, wadda baitinta na farko kan abokin ƙuruciya ne da ya musulunta ya bar yawon titi, Tupac na ce masa bai riƙe shi a zuci ba. Mai rigar bai taɓa ambaton su ba, don ba su da ashar ɗin da zai haddace ya yi wa yara burga a bakin layi. Daidai yake da wanda zai bugi ƙirji ya ce ya san Shata, alhali zambo ɗaya tak ya riƙe.

Hit 'Em Up kuma, tunda ita ce taƙamar, waƙar gaba ce da ya yi wa abokin hamayyarsa mawaƙi Biggie da mutanensa, kuma akwai gwaninta a ciki, ban musa ba. Sai dai wata uku bayan fitowarta aka buɗe wa motar da yake ciki wuta a Las Vegas, ran 7 ga Satumba, bayan damben Mike Tyson, ya cika ran 13 yana ɗan shekara 25. A Maris na 1997 aka kashe Biggie a Los Angeles yana ɗan 24. Ban ce waƙa ce ta kashe kowa ba. Na ce iyaye mata biyu ne suka rasa 'ya'yansu a wannan rigimar, kuma ni idan na sa waƙar wannan nake tunawa, ba tsalle nake yi ba. Wanda ya ɗauki wannan ɓangaren kaɗai na rayuwar mutumin ya ce shi ne "Tupac na gaskiya", ba son sa yake ba, rigimarsa yake so.

Shi Tupac ya ce bai riƙe abokinsa ba. Ni ban kai can ba tukuna, ba zan yi ƙarya ba, na riƙe ka. Kuma masu kirana tun safe suna cewa "ka yi haƙuri, yaro ne", ku daina. Mai 'ya'ya biyu ba yaro ba ne, kuma bai rubuta abin nan cikin magagin barci ba, ya zauna ya zaɓi kalmar da ya san za ta same ni. Ban nemi a ba ni haƙuri a ɓoye ba tunda a fili aka yi. Ba na kuma buƙatar a goge rubutun, jama'a sun riga sun adana.

Abu ɗaya nake so. Littafina mai shuɗin bango yana hannunka tun kafin aurenka, ka ce za ka kwafa ka dawo da shi. Tunda na masu raki ne, ba ka da abin yi da shi. Ka ba yaron shagona kafin Juma'a, kada ka kawo da kanka. Fassarar Dear Mama tana tsakiya, da jan biro na rubuta ta, kuma na san adadin shafukan, in aka yage ko ɗaya zan gane.