A Kano Biyar Ne

Ƙarfe biyar da rabi na yamma a bakin titin Tudun Wadan Zariya, azumi na goma sha biyu, lokacin da ko amsa sallama sai mutum ya yi lissafin yawun bakinsa. Iya Mai Ƙosai ta ɗora kasko, layi ya kai har gaban teburin mai kankana. Sai ga Bakano ya ratso layin da babbar riga da carbi, kamar wanda aka aiko karɓar haraji.

BAKANO: Iya, sannu da wuta. Yau nawa-nawa ne?

IYA: Uku naira 100, Alhaji. Kamar jiya da ka tambaya, kamar shekaranjiya da ka tambaya.

BAKANO: Innalillahi! Uku? A Kano biyar ne, har da gyara.

IYA: To ga Kwangila can, mota yana lodi.

BAKANO: "Mota yana lodi!" Jama'a ku ji. Mutanen da ba su raba mace da namiji a magana ba, ina za su raba tsada da araha?

(Shekararsa ashirin da uku a Zariya. A nan shagonsa yake, a nan ya yi aure na biyu, a nan aka yi wa 'ya'yansa kaciya. Amma har yau in hadari ya haɗo sai ya ce na Kano ya fi baƙi.)

IYA: Alhaji, kawo mini cokalin da ake zuba na Kanon in gani. Tiya ɗaya ta wake, da wannan ludayin nawa, ƙosai wajen 200 take ba ni. In na koma cokalin shayi sai ta haura 300. Kana son biyar? Yanzu in canza cokali, in ba ka biyar ɗin da za ka haɗiye da yawu ba tare da haƙori ya sani ba.

BAKANO: Na Kano manya ne. Ɗaya sai an raba wa yara biyu.

IYA: To kanwa ce. A zuba wa ƙullu kanwa ya kumbura kamar fushin kishiya, ka ɓara ka ga ciki ya yi duhu, ka ci ka ji baki na santsi. Ko a ƙara garin masara don auki, ya fito da nauyi kamar dutsen guga. Nawa wake ne zalla, da albasa da attarugu. Bugu ne ke tayar da shi. Ka ga yarinyar can? Tun la'asar take bugun ƙullu, sai an ɗiga a ruwa an ga ya taso sama kafin ya shiga mai. Gishiri ma ba na sa wa duka roba, sai wanda zan soya yanzu, don in ya zauna da gishiri kwanciya yake yi. Ita ma mai bugun biyanta nake yi, ba ladan azumi take ci ba.

BAKANO: A Kano ƙullu da kansa yake tashi.

Daga tsakiyar layi wani ya yi gyaran murya. Dakta ne daga Samaru, da tabarau da jakar kwamfuta. Arahar Tudun Wada ce ta kawo shi, amma in ka tambaye shi sai ya ce bincike yake yi.

DAKTA: In an ba ni dama, a kimiyyance, matsalar tana da rassa guda bakwai.

IYA: Dakta, saura minti arba'in a sha ruwa. Ɗauki reshe ɗaya.

DAKTA: Sufuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane buhu da ya hau mota sai ya sauko da sabon farashi. Kano tana da Dawanau, inda wake ke taruwa tirela-tirela. Wanda ya saya a bakin tirela ba daidai yake da wanda ya saya a hannu na uku ba.

BAKANO: Allah ya yi maka albarka! Ashe a cikin 'yan boko ma akwai masu hankali.

IYA: Ni wakena daga kasuwar Giwa ake kawo mini, ba ruwana da Dawanau. Kuma Dakta bai gaya maka awo ba. Kai ka ce kwano, ni in ce tiya, na Abuja ya ce mudu, kowa da girman nasa. A kasuwa ɗaya ma, wani ya bubbuge gindin tiyarsa ya turo shi ciki, ka biya kuɗin tiya ka tafi da tiya ba kwata. Sannan a duba waken. Wanda ƙwari suka huda, rabinsa ruwan wanki ke tafiya da shi wajen surfe. Ka sayi mai araha ka zo kana neman auki, ka ga wayam.

DAKTA: Wannan shi ne reshe na huɗu.

IYA: To na riga ka hawa.

BAKANO: Duk wannan dogon turanci ne. Me ya sa a Samaru biyu ne naira 100, a cikin birni huɗu? Gari ɗaya, sarki ɗaya, farashi uku! A Kano ba a haka.

IYA: Ta cikin birni a tsakar gidanta take suya, da kara da itacen da maigida ya kawo, 'yarta ta ɗauka a tire ta zaga. Ba kuɗin wuri, ba mai tikiti. Ni nan kafin in hura wuta mutum biyu sun zo da rasit, ɗaya na shara, ɗaya ban ma san na mene ne ba, kuma sharar tana nan inda take tun azumin bara. Ta Samaru kuwa gas take ƙonawa, tana biyan hayar rumfa, masu sayenta ɗalibai ne da ma'aikata da ba sa tsayawa ciniki. Ranar da ɗalibai suka tafi hutu, je ka ga yadda ƙosanta ke ƙiba.

DAKTA: A Abuja na ga ɗaya naira 100. An jera shida a roba mai murfi, an manna takarda, an ba shi sunan Turanci.

IYA: Da yaji?

DAKTA: Yajin daban ake biya.

IYA: Allah ya kyauta.

Ta kwashe kasko na farko, mutum huɗu suka wawashe. Bakano ya bi ƙosan da ido har cikin leda, maƙoshinsa ya motsa, ya ce astagfirullah, ya ja carbi.

BAKANO: Man ma kin cika shi. A Kano da rabin wannan ake suya.

IYA: Ƙarancin mai ai shi ke cin mai, Alhaji. In bai isa ƙosai ya yi iyo ba, sai ya kama gindin kasko ya baje. In bai yi zafi ba, ƙullu ya shanye shi kamar soso. In ya yi zafi da yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye, a dawo mini da shi bayan tarawi ana zagi. Kowace tiya sai ta sha mini kusan kwalbar man gyaɗa. Ga markaɗe: ba wuta, injin fetur ne, kuma sau biyu nake aikawa, don in na markaɗa duka tun azahar, zafin nan zai sa ya yi tsami kafin magariba. In mai injin bai wanke ba bayan ya niƙa gero, ranar ko aljani ne ya buga ƙullun ba zai tashi ba.

YARO: Ƙanƙara! Ƙanƙara mai sanyi!

BAKANO: Kai, zo nan. Nawa?

YARO: Naira 500, Baba Alhaji.

BAKANO: Ruwa fa! Ruwan Allah! A Kano 200 ne.

YARO: Ni ma bayan isha'i 200 ne. Ƙarfe goma ma kyauta, ka zo da bokiti.

DAKTA: Reshe na shida ke nan, wato makamashi.

YARO: Baba, wutar unguwarmu ba ta awa uku a zaune, ƙulli kuma sai ya kwana ya wuni a firiza kafin ya daskare har ciki. Wannan ta janareta ce, daga Sabon Gari na ɗauko a Keke, na binne ta cikin dusar katako na rufe da buhu, duk da haka ɗaya cikin uku ta zama ruwa a hanya. In ka ga mai araha, girgiza ta a kunne. In ka ji ƙulu-ƙulu, ɓawo ne kawai ya daskare, kafin ka kai gida ta mutu.

Bakano ya karɓa, ya girgiza a kunnen dama, ya girgiza a na hagu, ya manna a goshi, ya manna a ƙeya, ya daɗe yana nazari, sannan ya mayar.

BAKANO: Ba ta kai ta Kano sanyi ba.

YARO: Baba, ka sha na naira 50 da goshi.

BAKANO: To dabino fa? Ku faɗi gaskiya, kuna azumi.

DAKTA: Nan kam ka yi gaskiya. Na Agadas da na Aljeriya ta arewa suke shigowa, ga kuma na Dutse a maƙwabtanku. Dole Kano ta riga mu.

BAKANO: Allahu akbar! Iya kin ji? Yaro ka ji? Mai kankana, kai ne shaida!

DAKTA: Amma lemon Binuwai da abarba daga kudu suke tasowa, sai sun wuce mu kafin su ga Kano. Rake kuma ga Maƙarfi nan a bayan gida.

BAKANO: Ni ba na shan lemo.

(Ledar da ke rataye a hannunsa na hagu lemo ne guda goma sha biyu, an feƙe.)

IYA: Alhaji, gani ya kori ji. Ba ka da kowa a Kanon ne? Buga waya.

Nan fa layi ya ɗauka: a buga, a buga! Bakano ya zaro waya, ya kira ƙaninsa na Fagge, ya sa a sifika, ya ɗaga sama yadda har mai faci na tsallake zai ji.

BAKANO: Kai, gaya wa Zage-zagin nan, ƙosai nawa ne naira 100 a wajenku?

ƘANI: Wallahi Yaya biyu ne, kuma ƙanana kamar aya. In za ka shigo ranar Juma'a don Allah ka taho mana da tiya biyar ta waken nan naku na...

Ƙit. Ya kashe.

BAKANO: Sabis ne ba kyau. Biyar ya ce.

DAKTA: Biyu muka ji.

BAKANO: Biyar ya faɗa daga can, ukun a hanya suka zube. Kun san halin titin nan. Kuma shi Fagge yake, ni ainihin Kano nake nufi, cikin badala.

IYA: Yaushe rabonka da sayen ƙosai a cikin badalar?

BAKANO: Lokacin ana ba da canjin sulalla. Amma farashi in na gaskiya ne ai ba ya tsufa.

Kasko na biyar ya sauka, na shida ya bi shi. Dakta ya sayi na 600 ya ce na gwaji ne, ya nemi ya yi tiransifa, kuɗi suka fita daga wajensa suka ƙi isa wajen Iya, ya bar katin aikinsa jingina. Yaro ya sayar da ƙanƙararsa saura ƙulli ɗaya. Iya ta kankare robar ƙullu da ludayi.

BAKANO: To shi ke nan, don darajar watan nan, ba ni na 200. Amma bakwai.

IYA: Ya ƙare, Alhaji.

BAKANO: Kamar yaya ya ƙare? A Kano ba ya ƙarewa!

Ladanin masallacin bayan titi ya kwaɗa kira. Kowa ya duƙufa kan ledarsa, titi ya yi tsit sai ƙarar tauna. Bakano na tsaye da lemon da ya rantse ba ya sha. Iya ta buɗe ƙaramin kwanon da ta ɓoye wa kanta, ta ɗauki ɗaya ta miƙa masa.

IYA: Ungo, buɗe baki. Sadaka.

Ya yi bismilla, ya ɓara, tururi ya tashi, cikin fari tas. Ya tauna ido a rufe, ya lashe yatsa, ya leƙa cikin kwanon.

BAKANO: A Kano in za a ba da sadaka, biyu ake bayarwa.