Wai ai rayuwa ta farfaɗo

Tun jiya nake danne zuciyata a kan maganar da wani bawan Allah ya yi game da murjanin da ke mutuwa a teku, wai a daina tada hankali, ai duniya ta taɓa rasa kusan duk abin da ke cikin teku kuma rayuwa ta farfaɗo. Mutane kuma sai gyaɗa kai suke yi. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Wa ya farfaɗo? Ku tambaye shi, wa ya farfaɗo?

Abin da yake nufi ya faru ne shekara miliyan 252 da suka wuce, ƙarshen zamanin Famiyan, lokacin da ƙasa ta yi ta aman wuta a yankin Saibiriya na ɗaruruwan dubban shekaru, hayaƙin ya ɗumama duniya, ruwan teku ya yi zafi ya yi tsami, iskar oksijin ta ƙare a wurare da yawa. Sama da kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in halittun teku suka tafi. Tirailobayit, wasu halittu masu ɓawo da ƙafafu da yawa, da suka yi kusan shekara miliyan 270 suna rarrafe a ƙasan teku, nan aka rufe babinsu, ko ɗaya bai saura ba. Murjanin wancan zamanin duk ya ƙare ƙaf, wanda muke gani yau wani iri ne daban da bai bayyana ba sai bayan miliyoyin shekaru. To su waye suka farfaɗo? Wanda ya mutu bai dawo ba jama'a, wasu ne suka zo suka gaji kangon.

Ni abin da ya fi taɓa ni ma shi ne laka. Kafin bala'in, lakar ƙasan teku a dame take, tsutsotsi da ƙananan halittu suna ta haƙa ramuka suna juya ta, iska na shiga. Idan ka kalli dutsen da ya samu bayan bala'in a wurare da dama sai ka ga layi-layi siriri a kwance, kowanne a inda ya faɗo, babu abin da ya taɓa shi, saboda babu mai haƙa. Kamar gidan da kowa ya mutu ƙura ta yi ta sauka. Ƙwayoyin halitta irin su bakteriya suka shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma tunda masu cinye su sun ƙare. Da ramukan suka fara dawowa kuma, 'yan mitsi-mitsi ne, iyakarsu sama-sama, ba mai iya nitsawa ƙasa. Dodon koɗi da masu kumba da suka tsira da yawansu sun ƙanƙance. Wata mai kumba da ake kira Claraia ta cika ko'ina ita da wata mai ɓawo da ake kira Lingula, don su suna jure ƙarancin iska, sai ka tarar da shimfiɗar dutse guda ba komai a ciki sai iri ɗaya tal. Wannan shi ne abin da ake ce mana farfaɗowa, teku mai iri biyu uku a inda a da ake da ɗaruruwa.

Na san wani zai zo ya ce ai an tono burbushin halittu a Guiyang ta ƙasar Sin, aka bayyana a 2023, da kifaye da dangin jatan lande, kuma kamar shekara miliyan ɗaya ne kacal bayan bala'in. Na sani, na karanta. Amma ku saurari lissafin da kunnen basira, shekara miliyan ɗaya ita ce mai sauri. Ɗan Adam irinmu duka-duka shekara dubu 300 ya yi a doron ƙasa. A wurare da yawa kuwa sai da aka kwashe shekara miliyan 5 zuwa 10 kafin ƙasan teku ta koma cike da rai, kuma ko da ta cika ba halittun da ba ne, birakiyofod, wasu masu ɓawo biyu kamar kumba, da suka mallaki ƙasan teku a da ba su sake samun wannan matsayi ba har yau.

Don Allah a daina ɗaukar kalma ɗaya ana rufe miliyoyin shekaru da ita. Tsakani da Allah tausayi nake ji idan na tuna wannan lakar da ba kowa a cikinta.

Kuma wani abu da ke damuna, duk shirin talabijin da za a yi a kan ƙarewar halittu sai dainoso da dutsen da ya faɗo daga sama shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali wancan na Famiyan ya fi shi muni nesa ba kusa ba. Yara sun haddace sunayen dainoso amma ba wanda ya taɓa nuna musu hoton duwatsun Meishan na ƙasar Sin, inda layin ƙarshen zamanin yake a fili mutum zai iya ɗora yatsa a kai.