Ranar Da Babbar Rigata Ta Tare Ƙofar Kwamfuta

Kwamfutar ta uwargida ce. Malamar makaranta ce a nan Sakkwato, da ita take buga tambayoyin jarrabawa a Windows. Ni kuwa wata uku ke nan da na fara ɗanɗana Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kishiyar Windows, kai ya kumbura, na yi ta lallaɓa ta har ta yarda na saka Ubuntu, wani nau'in Linux, a gefen Windows ɗinta, bisa sharaɗin ba za ta ga wani canji ba.

Tun ranar farko ta gani. Duk wanda ya haɗa Windows da Ubuntu a na'ura ɗaya ya san GRUB, ɗan shirin nan da ke tsayawa bakin ƙofa kamar dogari, kana kunnawa ya tambaye ka inda za ka. Baƙin allo, farin rubutu, layi huɗu: Ubuntu, sai ƙarin zaɓin Ubuntu, sai Windows, na ƙarshe kuma saitin cikin inji, wanda masu gyara ke ce wa BIOS. In ka yi daƙiƙa 10 ba ka taɓa komai ba, sai ya tura ka Ubuntu. Sau biyu tana kunnawa ta je duba tukunya, ta dawo ta iske kanta a garin da ba ta san kowa ba.

Wani daren Laraba, an ɗauke wuta, zafin Afrilu ya hana kowa barci a Mabera, na ce yau zan yi maganin abin. Na buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, inda saitin GRUB yake. Windows ne na uku a jeri, na ƙirga da yatsa har sau biyu, na rubuta GRUB_DEFAULT=3, wato in ba a taɓa komai ba ya tura mutum na uku. Lokacin jira na rage shi zuwa daƙiƙa 1, don kada dogari ya ɓata wa Malama lokaci. Da na tsaya nan da ya fi. Amma sai na ga ashe ana iya sa hoto a bayan rubutun, ni kuma ina da wani da aka ɗauke ni ranar babbar Sallah, cikin farar shadda da ta sha bugu, na buɗe hannuwa kamar mai shirin tashi sama. Na sa shi. Na buga umarnin update-grub don gyaran ya fara aiki, na rufe, na kwanta ina jin kaina injiniya. Ko gwadawa ban yi ba, caji ya yi ƙasa.

Da safe ta kunna. Sai ga ni na cika allo, ina murmushi. Daƙiƙa ɗaya, kwamfuta ta mutu, ta farka cikin BIOS. Ta fita. Sai ga ni kuma, murmushi, BIOS. Sau bakwai na yi mata murmushi kafin ta kira ni.

"Malam, mi kay yi ma kwamfutag ga?"

Na ce gaisuwa ce ta safe.

"Tambayoyin aji ukku na ciki hwa, kuma yau za a yi jarrabawa."

Na zauna na ƙura ido ko zan ga jerin zaɓin. Ina! Farin rubutu a kan farar riga, kamar ka zuba gishiri cikin gari ka ce a tsince. Kafin in gane ko harafi ɗaya an maida ni BIOS. Gumi ya fara bin bayana tun rana ba ta ɗaga ba.

Ƙarshe dai ƙaninta na kira, ɗalibi ne, kuma abokin wasana, wato mutum na ƙarshe da nake so ya ga wannan abu. Ni na biya kuɗin kabu-kabun. Da hoton ya bayyana sai da ya dafa bango don dariya. Sannan ya sake kunnawa, ya ɗora yatsa kan maɓallin kibiya yana dannawa. Ashe da zarar an taɓa maɓalli, dogari ya daina ƙirga lokaci, ya tsaya jiranka. Ya lalubi Ubuntu cikin aljihun rigata, ya shiga, ya buɗe fayil.

"Yaya, GRUB daga sihili shika hwara ƙidaya. Ubuntu sihili, na biye ɗaya, Windows biyu. Ukkun da kar rubuta, BIOS na."

Na ce wane irin mahaluki ne ke fara ƙirge daga sifili? Ko mai awaki bai ce wa ta farko babu. Bai kula ni ba. Ya maida 3 ta koma 2, jira ya koma daƙiƙa 5, ya sake update-grub. Duka-duka bai kai minti biyu ba, ya kuma ce ladansa fura da nono ne har sati.

Da ya zo cire hoton, uwargida ta riƙe hannunsa.

"Bar shi nan. Kullum in kunna in ga wanda ba shi ƙara taɓa ta."

A ranar ta canza kalmar sirri. Yanzu kowace safiya nakan hango kaina daga bakin ƙofar ɗaki, ina murmushi na daƙiƙa biyar, sai Windows ya buɗe. Ƙanin nata kuwa ya ajiye lambata a wayarsa da sunan Injiniya Sifili.