Kafson Kemis Da Ƙafar Mai Ciwon Suga

'Yan'uwana matasa, a makon jiya na je duba wani dattijon unguwarmu mai ciwon suga a asibiti, na tarar likitoci suna shawarar yanke masa ƙafa, alhali abin ya faro ne daga ɗan faso a dunduniya. Da aka tambayi 'ya'yansa abin da suka ba shi a gida, sai babbansu ya zazzage leda a kan gado, ga ragowar Ampiclox, ga rabin katin Cipro, duka magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ga kafso ja da baƙi da suke fasawa suna barbaɗa garinsa a kan gyambon. Babu ko ɗaya da likita ya rubuta.

Wannan ɗabi'a ta zama likitan kai ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ciwon suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi a ƙafa, ya kuma rage jinin da ke isa can, shi ya sa tsoho zai taka ƙusa bai sani ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ƙafar da jini ba ya isar ta sosai, ita ce za ku ba ta kafso na kwana biyu ku daina don mugunya ta ragu? Raunanan ƙwayoyin cutar ne suka mutu, masu taurin kan suna nan suna hayayyafa, kuma gobe wannan maganin ba zai taɓa su ba. Sai ku koma kemis a canza muku wani, shi ma ku bar shi a rabi, garin neman gira a rasa ido.

Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi gargaɗi cewa shan maganin da bai kai kima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa. A 1961 aka gano MRSA a Ingila, nau'in ƙwayar Staphylococcus aureus mai bijire wa magunguna da yawa, kuma wannan ƙwaya tana cikin waɗanda suka fi shiga gyambon masu suga. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina asarar rayuka.

Za ku ce babu kuɗi. Amma kuɗin data da ankon biki da cacar ƙwallo ba su taɓa gagarar ku ba, sai kuɗin awon da za a ɗebi samfurin ciwon a gano maganin da zai yi aiki cikin kwana biyu ko uku. Wasunku ma cewa suke jifa aka yi wa baba, a ɗaure ƙafar da tsumma har ta fara wari. Ku kai shi asibiti, ku ji tsoron Allah.

A da, mutum yakan yanki kati ya bi layi, abin da malamin asibiti ya ce shi ake yi, yaro kuma ba ya ba mahaifinsa ƙwaya da ka. Yau kuwa a kwando ake yawo da maganin cikin rana a tasha, mai tallan bai iya karanta sunansa ba, ɗan boko da digirinsa kuma yana tsaye yana tambayarsa guda nawa za a sha.