Tallan wayar da ba a kiran kowa da ita

Akwai wani dogon lungu a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a nan Landan, bangonsa duk allunan talla masu haske. A ɗaya daga ciki an sa wata mata ita kaɗai a ƙololuwar tsauni, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, ta ba mu baya, sama shuɗi fes. Can a kusurwa sai ɗan hoton waya. Ba farashi, ba wanda take kira, ko fuskarta ba a gani. Wani abokin aikina Bature ya tsaya yana yabawa. Na nuna masa wani tallan gida a wayata, tsohuwa ta kara waya a kunne jikoki sun kewaye ta, sai ya yi murmushi ya ce hayaniyar ta yi yawa. Wallahi maganar ta sosa min rai.

Ni da shi mun san waya ba ta kai mutum kan tsauni. Abin da hoton ke faɗa shi ne: saya, ka tsere wa mutane. Tun 2015 Apple ke cika alluna da hotunan da aka ɗauka da iPhone, kuma waɗanda na fi cin karo da su teku ne, daji, hanya fayau. Kyau kam akwai. Amma kaɗaici ake yi wa kwalliya ana sayar wa Turawa.

Mu a Zariya ba sai an yi mana fassara ba. Da layin salula ya shigo Najeriya a 2001, lema mai ruwan ɗorawa a bakin PZ ko Kwangila ita ce tallan: ga benci, ga waya, biya ka ji muryar ɗan'uwanka. Glo ya zo a 2003 da lissafin sakan, shaguna suka koma kore daga Tudun Wada har Samaru. Tecno kuwa ya gane cewa fuskar baƙin mutum muke son gani a hoto, ya gyara kyamararsa don haka.

Na yarda namu ma akwai ƙari. A talla sabis cike yake, a zahiri sai ka fita zaure kana ɗaga waya sama. To amma abin da aka yi alkawari, wato zumunci, da shi muke rayuwa.

A nan Landan sai ka tura saƙo ka nemi izini kafin ka kira mutum. Ni kuwa in na kira Inna ran Juma'a, wayar sai ta zaga gida kaf: Baba Ƙarami, Gwaggo, almajirin da ke ɗebo ruwa, kowa da "ya sanyi, ya iyali?" Yarana da aka haifa a nan, in na miƙa musu wayar sai su ce "lafiya lau" su maido min, su koma ɗaki su rufe ƙofa. Babbar ce ta tambaye ni kwanan baya me ya sa Inna ke maimaita gaisuwa alhali an riga an amsa mata. Shi ya sa na ƙudurta hutun bana a Ƙofar Doka za su yi shi, ko suna so ko ba sa so.