"Integrity": kalmar da muka yanke wa ƙafa

Duk lokacin zaɓe sai wannan kalma ta Turanci ta dawo bakin 'yan siyasa. Masu fassara a rediyo kan ce "gaskiya da riƙon amana", kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai a bakin jama'a ma'anarta ta tsuke, ta koma abu ɗaya tak: wane bai taɓa cin kuɗin gwamnati ba.

Asalinta daga Latin ne, integer, wato abin da yake cikakke, ba a gutsure shi ba. Daga nan masu lissafi suka samo sunan lambar da ba ta da ɓari, irin 3 ko 40. Injiniya ma da ita yake siffanta gadar da ba ta tsage ba, haka kuma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ta yi amfani da ita wajen hana a keta iyakar wata ƙasa da ƙarfi. In an jingina ta ga mutum, ana nufin wanda bai rabu biyu ba. Yadda yake a sahun masallaci haka yake a bakin mudunsa a kasuwa, ba ya lotsa gindin mudu in mai saye ya juya baya.

Shi ya sa nake ganin "dattako" ya fi kusa da ita. Dattijo a wurinmu ba furfura ba ce. Mutum ne da in ya ce eh, an gama magana, kuma abin da aka damƙa masa ba ya lalacewa a hannunsa yana kallo.

A 2015 da wannan kalma aka tallata marigayi Muhammadu Buhari, talakawa kuwa suka fassara ta da kansu: Mai Gaskiya. A 2020 gwamnatinsa ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan ɗa'a mai ɗauke da kalmar a sunanta. Shekara biyu bayan haka EFCC ta gurfanar da Akanta Janar na ƙasa bisa zargin almundahanar naira biliyan 109. Masoya suka ce ai shi Baba bai ɗauki ko kwabo ba. Na yarda. Amma makiyayin da bai ci naman akuya ba, kura kuma ta yi ta ɗiba a garken yana zaune, wane suna mai garke zai ba shi?