Rigar da aka ɗinka daidai jikin ɗan wasa

Jiya muka yi musu da wani abokina. Shi a ganinsa, a wasan kwaikwayo in labari ya yi kyau, ko wa aka ba rawar sai an yi dariya. Ni kuwa ban yarda ba, kuma hujjata tana can Landan.

Ranar 17 ga Janairu 1775 aka fara nuna The Rivals, wasan barkwanci na marubuci Richard Sheridan, a gidan wasa na Covent Garden. Wasan ya faɗi warwas. Ya yi tsawo, sannan John Lee da aka ba rawar Sir Lucius O'Trigger sam bai dace da ita ba, 'yan kallo suka yi ta masa ihu. Sheridan ya janye wasan, ya rage shi, ya miƙa rawar ga Laurence Clinch. Bayan kwana 11 aka dawo da shi, sai ga tafi.

Darasin ya shige shi. A 1776 Sheridan da abokan haɗin gwiwarsa suka sayi kason shahararren ɗan wasa David Garrick a gidan wasa na Drury Lane, don haka da ya zo rubuta The School for Scandal a 1777 ya san 'yan wasansa ciki da bai, kamar tela da ya riga ya auna kowa. Lady Teazle, 'yar ƙauye da ta auri tsoho mai kuɗi ta rikiɗe 'yar gayu, Frances Abington aka ba. Abington ita kanta tallar furanni ta yi tana yarinya, kafin matan manya su koma kwaikwayon shigarta. Wa zai koya mata wannan rawar? Munafukin wasan, Joseph Surface, John Palmer ne, wanda dama an san shi da daɗin baki.

Ka tuna kuma a wancan zamani, tun dokar gidajen wasa ta 1737, gidajen nan biyu, Covent Garden da Drury Lane, su ne ke da cikakken izini a Landan, saboda haka 'yan kallo sun san kowace fuska da halin mai ita. Abokina ya ce ai wurin nan a The School for Scandal da aka ture labulen katako aka ga Lady Teazle a ɓoye, mijinta na tsaye, marubuci ne ya tsara shi. Haka ne. Amma a takarda layi ɗaya ne kawai. Sauran yana fuskar Thomas King, wanda ya fito a matsayin mijin da ya buɗe baki ya kasa rufewa, da Palmer yana laluben ƙaryar da zai fara yi.